Rijiyar da Na Bari a Kwandiko

Ina gaishe ku duka cikin sunan Yesu Almasihu, Mai Ceto, wanda bai manta hanyar gidan yari ba ko da masu binsa sun manta.

Fasto ya ce in yi minti goma. Baba Fasto, ka yi haƙuri tun yanzu, zan wuce. Kuma idan kun ji muryata ta tashi, kada ku ce Shaiɗan ne. Fushi ne, Ubangiji kuma ya san da shi, don mun sha maganarsa ni da shi.

Matasa ba ku san ni ba. Sunana Yohanna, a da ana ce mini Yohanna Mai Rijiya. Ina saurayi na zo Birnin Kudu daga kudancin Bauchi, da diga da guga, da igiya a kafaɗa. Daga Surko zuwa Wurno akwai rijiyoyin da har gobe ake sha, hannun nan ne ya haƙa su. Manya kuwa kun san ni sarai, ai kun ci shinkafar jana'izata. A ɗakin sujadar nan kuka rera mini waƙar ban kwana, ina can ina numfashi.

Zan zo kan wannan. Bari in fara da nawa laifin, don kada wani ya fita ya ce na zo wanke kaina ne.

Ni mashayi ne a lokacin. Ranar Lahadi ina sahun gaba cikin mawaƙa, ranar Litinin ina bayan tasha da ƙwaryar burkutu. Ga zafin zuciya, ga saurin hannu. Matata Rifkatu ta sha mari a banza, 'yata Tabita kuwa tana jin takuna take ɓuya bayan randa.

Mutanen wata unguwa a Kwandiko, can ƙasar Gwaram, suka kira ni in haƙa musu rijiya a ƙofar gidan wani dattijo, Malam Hudu. Yadda ake aikin shi ne, ni ina ciki ina sara, mazan unguwa suna sama suna karɓa-karɓa wajen jan gugan ƙasa. Mai haƙa ba shi da wani tsaro sai amanar wanda ke riƙe da igiya. Mun kai gaba bakwai, sai layi ya zo kan Sale, babban ɗan Malam Hudu, magidanci mai 'ya'ya biyu. Igiya ta suɓuce masa, guga cike da ƙasa ya sauko ya goge ni a kafaɗa. Na hauro, giyar jiya ba ta gama sakina ba. Sale yana ta ba ni haƙuri, wai hannunsa ne ya yi gumi. Wani a gefe ya yi dariya. Ba ma Sale ne ya yi dariyar ba. Akwai ƙotar diga a yashe a bakin ramin, na ɗauka na sauke wa Sale a ka, sau ɗaya.

Kafin a kai asibiti ya cika.

A Kano aka yi shari'a, don a lokacin duk nan ƙasar Kano ce. Lauyan da aka ba ni ya ce in tsaya a kan cewa tsautsayi ne. Na tsaya. Alƙali bai karɓa ba, ya yanke mini hukuncin kisa ta hanyar rataya. Amma ni na karɓa. Na shiga gidan yari da wannan magana a bakina, na kwana da ita, na tashi da ita. Ko a addu'a cewa nake, Ubangiji ka gafarta mini tsautsayin da ya same ni.

Ku da ba ku taɓa shiga ba, bari in gaya muku yadda ake jiran igiya. Ba a rataye mutum sai gwamna ya sa hannu. Ba a yi masa afuwa kuma sai gwamna ya sa hannu. To, gwamna ba ya son jini a hannunsa, ba ya kuma son a ce ya saki mai kisa, sai ya ture takarda gefe ya bar wa na bayansa. Mu kuwa muna can, mu tara a ɗakin da aka gina domin mutum biyu, da bokitin ba-haya a kusurwa. Duk lokacin da makullai suka yi ƙara ba a kan lokacin abinci ba, sai ɗaki ya yi tsit, kowa yana sauraron ƙofar da za a tsaya. Na ga ƙato ya saki fitsari a wando saboda gandiroba ya zo canza ƙwan lantarki. Alƙali ya ce a kashe mu sau ɗaya. Wane ne ya ba da izinin a riƙa kashe mu kowace safiya?

Ina shekara ta biyu a ciki aka ƙirƙiro jihar Jigawa. A rediyon gandiroba muka ji. Kuna nan kuna murna, kuma kun yi daidai. Aka raba ma'aikata, aka raba kujeru, aka loda fayiloli a motoci zuwa Dutse. Nawa fayil ɗin bai sauka ko'ina ba. Can suka ce laifin a Gwaram aka yi, maganata ta sabuwar jiha ce. Nan suka ce ba su ga takardata ba. Na zama mutumin da babu mai ikon kashe shi, babu kuma mai ikon sakinsa.

Duk shekarun nan, mutum ɗaya ne ya riƙa zuwa wurina. Ba fasto ba ne, ba dattijon ikilisiya ba ne, ba zumuntar mata ba ce. Malam Hudu ne, uban wanda na kashe.

Kowace shekara bayan an gama kaka, sai ya shiga mota tun daga Gwaram, ya zo ya rubuta suna cikin masu ziyara, a fito da ni bakin tagar raga. Ba ya kawo ko ƙuli-ƙuli. Zai tsaya ya dube ni daga sama har ƙasa, ya tambaye ni ko har yanzu ina numfashi. In ce ina yi. Ya ce Sale ba ya yi. Daga nan ya ja mini Allah ya isa har lokacin ziyara ya ƙare, ya gyara hularsa, ya tafi. Na tsane shi, ba zan ɓoye muku ba. Amma idan sanyi ya fara shigowa sai in kama kaina ina lissafin ko an gama yankan dawa.

A zuwansa na huɗu ya kawo mini labarinku. Ya ce wani direban babbar mota ya zo garin nan da maganar an rataye mutane a gidan yarin da nake, wai ya ji sunana a ciki. Babu wanda ya shiga mota ya je ya tambaya. Tafiyar da tsoho mai ciwon gwiwa yake yi kowace shekara, ku da ƙafafunku da baburanku kuka kasa yi sau ɗaya. Kuka taru, kuka yi sujadar jana'iza ba gawa, kuka dafa shinkafa. Bayan shekara kuka ɗaura wa Rifkatu aure.

Ya ce, "Mutanenka sun binne ka. Ni kaɗai na san kana nan, ni ma jira nake a gama."

Ban ga laifin Rifkatu ba, ku ji ni da kyau. An ce mata mijinta ya mutu, ga ƙaramar yarinya a hannu, mijin ma da yake raye ba abin kewa ba ne. Mijinta na yanzu ya riƙe mini 'yata da mutunci, na gode masa a gaban kowa. Amma Malam Hudu ya gaya mini ya haɗu da wani dattijon ikilisiyar nan a kasuwar Gwaram, ya faɗa masa cewa ina raye, ya gan ni da idonsa. Dattijon ya ce a bar maganar, mace ta riga ta yi aure, tono ba zai haifar da alheri ba. Yana nan zaune. Ba zan nuna shi ba, ya san kansa. Baba dattijo, kai ne kake karanta mana inda Yesu ya ce yana kurkuku aka ziyarce shi. Da wane baki kake karantawa?

Daga ranar na daina addu'a. Na ba wani fursuna Littafi Mai Tsarkina ya yi matashin kai da shi. Na ce idan mutanen Allah haka suke, to, Allahn ma ya riƙe kayansa.

Abin da ban sani ba shi ne Malam Hudu ba wurina kaɗai yake zuwa ba. Tun ranar hukunci ya sa wani ma'aikacin kotu ya rubuta masa lambar shari'ar a guntuwar takarda. Ya naɗe ta a leda, yana yawo da ita a aljihun 'yar-ciki. Bai iya boko ba, amma ya san wannan lambar ce igiyar wuyana. Kowace shekara idan ya baro ni sai ya wuce Dutse, ofis zuwa ofis, yana miƙa takardar yana tambayar yaushe za a rataye wanda ya kashe masa ɗa. A ce ya dawo gobe, ya dawo. A ce oga ba ya nan, ya shimfiɗa buzunsa a gindin bishiya ya jira. Har ya ishe su. Don su rabu da shi, aka tura wani ya bi lambar, aka tono fayil ɗina a wani sito, gara ta ci gefensa.

A shekara ta goma sha uku wani gandiroba ya raɗa mini cewa takardata ta iso gaban kwamitin afuwa. Ya ce hanya biyu ce, ko su ba gwamna shawara ya sa hannu a kira hauni ya rataye ni, ko su ce a sassauta. Kuma kafin su yanke, suna so su ji ta bakin dangin mamaci.

Dangin mamaci! Na yi dariya har 'yan ɗakinmu suka ɗauka na taɓu. Raina ya koma hannun mutumin da ya ƙarar da takalmansa wajen neman a rataye ni.

Washegari da rana aka fito da mu shan iska na sa'a ɗaya. Na je jikin katanga na durƙusa. Ba addu'ar kirki na fara ba, faɗa na fara. Na ce Ubangiji, ka ga abin da ikilisiyarka ta yi mini, ka ga abin da gwamnati ta yi mini, ka ga tsohon nan. Na lissafa masa kowa da kowa, ban tsallake ko direban nan ba. Na gama ina haki. Ban ji murya daga sama ba, ba zan yi muku ƙarya ba. Abin da ya faɗo mini a rai shi ne akwai suna ɗaya da ban ambata ba. Shekara goma sha uku ban taɓa furta sunan Sale ba, ko ga Allah ko ga ubansa. Kullum cewa nake yaron nan, abin da ya faru, tsautsayi.

Na kifa goshina a ƙasa mai zafi na ce, "Yesu, ni na kashe Sale. Idan ubansa ya sake zuwa, ka buɗe mini baki in gaya masa. Bayan haka ko igiya ce, na yarda."

Bayan mako uku aka ce ina da baƙo. Ba lokacin kaka ba ne. Na ce shi ke nan, ya zo ne ya gaya mini da bakinsa cewa an sa hannu.

Na same shi a bakin taga, ya rame, idonsa ɗaya ya yi fari. Bai tambaye ni ko ina numfashi ba. Ya yi mini sallama, abin da bai taɓa yi ba. Ya ce bana Allah ya kira shi aikin Hajji. Ku da kuka zauna cikin Musulmi kun san al'adar. Mai tafiya Makka ba ya ɗaukar jaka sai ya bi gida-gida ya nemi gafarar duk wanda ya taɓa ɓata wa, don bai sani ba ko zai dawo. Ya ce ya zaga Kwandiko kaf, har maƙwabcin da suka shekara ashirin suna rigimar iyakar gona. Ya ɗauka ya gama. Matarsa ta tambaye shi ko saura wani, ya ce babu. Ta ce, to, wanda kake zuwa kana zagi kowace kaka fa?

Ya kama ragar da hannu biyu ya ce, "Yohanna, na zage ka, na zagi iyayenka da ba su yi mini komai ba. Na kawo maka labarin matarka don in ƙona maka rai, ba don komai ba. Ka yafe mini."

'Yan'uwa, kun san abin da na fara ji? Haushi. Ya riga ni! Ni da aka yi wa baftisma, ni da na haddace addu'ar Ubangiji tun ina yaro, na zauna shekara goma sha uku da jinin ɗansa a hannuna, sai shi ya shiga mota ya zo yana roƙona. Kunya ta rufe ni.

Na ce, "Baba, ba tsautsayi ba ne. Sale yana ba ni haƙuri na buge shi. Ni na kashe Sale."

Ya goge fuskarsa da bakin rigarsa. Sai ya ce ya san haka, don yana zaune a zaure ya ga komai, abin da ya hana shi barci shi ne kowa yana kiran abin da wani suna. Ban ji ya ce ya yafe ba ranar. Abin da ya ce shi ne rijiyar tana nan yadda na bar ta. An rufe bakinta da itace da ƙaya, babu mai haƙar da ya yarda ya shiga saboda jini ya zuba a wurin, matan unguwa har yanzu sai sun yi doguwar tafiya kafin su sami ruwa. Ya ce idan Allah ya fitar da ni, in je in ƙarasa aikina.

Kafin ya hau jirgi ya je gaban kwamitin da kansa, ya dangwala yatsa a takarda. Aka mayar da hukuncina zuwa ɗaurin shekaru, aka lissafa waɗanda na riga na yi. Bayan shekara ɗaya aka buɗe mini ƙofa. Ku yabi Ubangiji! Lambar da aka yi yawo da ita don a kashe ni, da ita Allah ya nemo ni.

Ban fara zuwa nan ba, Kwandiko na wuce. Alhaji Hudu ya sa aka kwashe ƙayar. Na leƙa ramin, gaba bakwai, shara ta cinye biyu. Na ɗaura igiya a ƙugu na tambayi wanda zai riƙe. Mazan unguwa suka tsaya cirko-cirko, kowa yana kallon ƙasa. Sai Alhaji ya kira Habu, ƙanen Sale, uwa ɗaya uba ɗaya, wanda tun isowata bai amsa gaisuwata ba. Ya ce masa ya kama.

Na dubi Habu, ya dube ni. A gidan yari na ji tsoro iri-iri, amma ban taɓa jin irin na wannan lokacin ba. Idan ya buɗe hannu, wa zai ce da gangan ne? Kowa zai ce tsautsayi. Na ce Yesu, a hannunka nake, na zura ƙafa na sauka.

Kwana goma sha tara Habu yana riƙe da ni. Bai ce mini uffan ba, bai kuma bari kowa ya karɓe shi ba. Ko tsakuwa ba ta faɗo mini ba. A gaba ta goma sha ɗaya ƙasa ta yi sanyi a ƙarƙashin ƙafata, ruwa ya fara tsattsafowa. Na yi kira, ya jawo ni. Da na fito na ga tafin hannunsa duk ya saluɓe. Alhaji ya sa aka ɗebo ruwan farko, ya sha, ya miƙa wa Habu, Habu ya sha ya miƙo mini.

Ban zo in ce ban cancanci igiya ba. Na cancanta, alheri ne ya fisshe ni. Amma na bar mutum takwas a ɗakin nan. Akwai tsohon da ya makance a ciki, akwai wanda yanzu da bango yake hira. Ba su da wani Alhaji Hudu da zai tsane su har ya riƙa tuna wa hukuma da sunansu. Ban san abin da masu mulki za su yi da su ba, ko za su ci gaba da tura takarda gefe har mutuwa ta hutar da su daga sa hannu. Abin da na sani shi ne ranar Asabar akwai ziyara, kuma mota tana tashi daga tashar nan da safe. Zan tafi. Wanda ya ci shinkafar jana'izata ya same ni a tasha, Baba dattijo har da kai, na ajiye maka wuri kusa da ni.

Na gode wa Allah Uba da bai jira bakina ya yi tsabta ba kafin ya saurare ni. Duk wanda yake cikin rami a yau, ya dogara ga Yesu, ya kuma gaya masa gaskiya da sunanta.

Tabita, 'yata, taso da jarkar nan. Shekara uku gare ta da na tafi, yau ita ta ɗauko mini wannan tun daga tasha. Ruwan rijiyar Kwandiko ne. Ku kawo kofi, a fara ba dattawa.

Amin.